Shin iyafis na kurumtar da mutum? Yadda kunne ke ji, da inda yake lalacewa

Gaskiya ne iyafis na kurumtar da mutum, ko kuwa tsoratarwa ce irin ta iyaye da likitoci? Tambayar kan dawo kowace shekara, musamman wajen 3 ga Maris, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware domin batun ji. A lokacin ne ake sake yaɗa alƙaluman hukumar, cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin samun raunin ji saboda yadda suke sauraron sauti. Wasu su karanta su ɗauka an ce matasa biliyan guda sun riga sun kurumce. Wasu kuma su ja tsaki, su ce shekara nawa suna jin kiɗa da ƙarfi, me ya same su?

Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma dalilin ɗaya ne. Abin da yawancinmu muka sani game da kunne bai wuce fatar da ke gefen kai, da ramin da ake sakacewa, da dodon kunnen da ake cewa ƙara za ta fasa ba. Alhali wurin da ake ji na gaskiya yana can ciki, binne a ƙashin kai, faɗinsa bai kai santimita 1 ba. A can ɓarnar ƙara take faruwa, ba tare da zafi ko jini ba.

Abu biyu da ake aunawa a sauti

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Idan girgizar ta yi yawa a cikin daƙiƙa ɗaya sai a ji sautin siriri, idan ta yi kaɗan a ji shi kakkaura. Ma'aunin wannan shi ne hertz. Kunnen yaro mai lafiya na kama sauti daga kusan hertz 20 zuwa 20,000, kuma iyakar ta sama tana saukowa yayin da shekaru ke tafiya.

Abu na biyu shi ne ƙarfin sautin, wanda ake aunawa da desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai desibel 60. Sai dai wannan ma'aunin na da yaudara: duk ƙarin desibel 3, ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka sau biyu, ƙarin 10 kuwa ya ninka sau goma. A riƙe wannan, domin za a buƙace shi a gaba.

Kunnen waje da rikicin dauɗa

Fatar kunne guringuntsi ne da fata ta lulluɓe. Lanƙwashe-lanƙwashenta na sauya sauti kaɗan gwargwadon inda ya fito, da haka ƙwaƙwalwa ke gane ko daga sama ne ko ƙasa, gaba ko baya. Daga nan sautin ya bi ramin kunne, mai tsawon kusan santimita 2 da rabi a jikin babba. Tsawon nan ya sa ramin na ƙara wa sautukan da ke kusa da hertz 3,000 ƙarfi, wato yankin da ke da muhimmanci wajen fahimtar magana.

Dauɗar kunne a ɓangaren ramin da ke kusa da waje ake yin ta, kuma da amfaninta. Tana hana fatar bushewa, tana kama ƙura, tana kuma takura wa ƙwayoyin cuta. Fatar ramin kanta tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje tana ɗauke da dauɗar, motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana na taimaka mata. Mai cusa tsinken auduga yakan ga ɗan abin da ya manne a kai ya ji daɗi, bai san ya tura sauran can ciki, inda ba shi da hanyar fitowa da kansa ba. In hannu ya goce, ya yi wa fatar rauni ko ya huda dodon kunnen.

Duk da haka, matsalar wannan sashe tana da sauƙi. Ma'aikacin lafiya na iya fitar da dauɗar da ta toshe rami, ji ya dawo nan take. Ko dodon kunne, tantanin nan mai faɗin kusan santimita 1 da ke ƙarshen ramin, idan ya huje yawanci yakan haɗe da kansa cikin makonni. Mutumin da ke sakace kunne kullum don tsabta, sannan ya ƙure ƙarar waya awa biyar a rana, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙasusuwa uku a ɗaki mai iska

Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai cike da iska, shi ne kunnen tsakiya. A cikinsa akwai ƙasusuwa uku da ke haɗe da juna, an sa musu suna bisa siffarsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kusan milimita 3.

Me ya kawo wannan sarƙaƙiya? Kunnen ciki cike yake da ruwa, sauti kuwa ba ya shiga ruwa daga iska cikin sauƙi. Duk wanda ya taɓa nutsa kansa cikin ruwa ya san muryar na waje kusan ɓacewa take yi, domin mafi yawan ƙarfin sautin komawa baya yake yi idan ya doki saman ruwan. Ƙasusuwan nan su ke warware matsalar. Suna tattara girgizar da ta faɗa kan dodon kunne mai faɗi, su matse ta kan wata 'yar taga da ta fi shi ƙanƙanta kusan sau 17. Daidai yake da ƙusa: ƙarfin da ka buga a kanta mai faɗi yakan taru a tsininta, shi ya sa take ratsa katako. Idan aka haɗa da ɗan ƙarin da tsarin ƙasusuwan ke bayarwa, matsin sautin ya ninka kusan sau 20 kafin ya shiga ruwan.

Wannan ɗaki na da wata hanya da ta haɗa shi da bayan hanci, mai ɗauke da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. Aikinta daidaita matsin iskar ciki da ta waje. Ita ce ke buɗewa idan ka yi hamma ko haɗiya a jirgin sama ka ji kunnenka ya yi ƙas. Idan mura ta kumbura ta, ruwa kan taru a bayan dodon kunne, ji ya dusashe. A jikin yara hanyar gajeriya ce kuma a kwance take, shi ya sa ciwon kunne ya fi addabarsu. Kunnen yaro da ke zubar da mugunya wata da watanni ba abin sakaci ba ne, domin ciwon na iya cinye ƙasusuwan nan.

Akwai kuma 'yan tsokoki biyu da ke ɗaure ƙasusuwan idan ƙara ta yi yawa. Kariya ce, amma mai rauni. Ba su da saurin da za su riga ƙarar bindiga ko fashewar wani abu, kuma gajiya suke yi idan ƙarar ta daɗe.

Cikin katantanwa

Tagar da likkafa ke turawa tana buɗewa ne cikin wani bututu mai ruwa da ya naɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi zuwa uku. Da za a warware shi, tsawonsa bai wuce santimita 3 da rabi ba. A tsawon bututun akwai wani tantani shimfiɗe, wanda a bakin ƙofa siriri ne mai tauri, yana shiga ciki yana ƙara faɗi da laushi. Saboda haka kowane sauti na da wurinsa. Siririn sauti na girgiza bakin ƙofa, kakkaura kuma sai ya tafi can ƙurya. Georg von Békésy, ɗan asalin Hangari, shi ya ga wannan motsi da idonsa a kunnuwan gawarwaki, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1961. Abin sha'awa, ba likita ba ne. Masanin kimiyyar fiziks ne da ya fara bincikensa a ma'aikatar tarho, yana neman yadda za a inganta sautin waya.

A kan wannan tantani ƙwayoyin ji suke zaune, cikin wani tsari da Alfonso Corti ya bayyana a 1851. Ana kiransu ƙwayoyi masu gashi saboda 'yan silillan da ke tsaye a kansu, ko da yake ba su da alaƙa da gashin kai. Idan tantanin ya motsa, silillan su karkata, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sinadarin fotashiyam ya kwarara ciki, sai motsi ya zama saƙon lantarki. Jijiyar ji, mai ɗauke da zaruruwa kusan 30,000, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Na layin ciki, kusan 3,500 a kowane kunne, su ne masu aika saƙo. Na layukan waje, kusan 12,000, aikinsu ya fi ban mamaki: suna miƙewa suna tanƙwashewa daidai da sautin da ya shigo, su ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi, su kuma fayyace bambanci tsakanin sautuka masu kama da juna. Motsin nasu har yakan haifar da wani ɗan sauti da ke fitowa waje ta ramin kunne. David Kemp ne ya gano haka a Landan a 1978, kuma a kan wannan aka gina gwajin da ake yi wa jarirai sabbin haihuwa. A sa 'yar na'ura a kunnen jariri yana barci, a aika sauti, a saurara ko kunnen zai amsa.

Sauran aikin na ƙwaƙwalwa ne. Ita ke kwatanta abin da kunnen dama da na hagu suka kawo, ta lura da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ta gane ta wane gefe mota ke tahowa. Ita ce kuma ke zaƙulo muryar mutum ɗaya daga cikin hayaniyar mutum ashirin. Sauti na iya isa katantanwa ta ƙashin kai ma, ba sai ta rami ba. Wannan ne ya sa mutum ke ƙyamar muryarsa idan ya ji ta a rikodin: ya saba jin ta da kaurin da ƙashin kansa ke ƙara mata, wanda ba wanda ke ji sai shi.

Maƙwabtan katantanwa su ne bututu uku masu siffar baka da ke kula da daidaiton jiki. Shi ya sa wasu cututtukan kunne ke zuwa da jiri.

Inda gizo ke saƙar

A dubi adadin nan da kyau. Ƙwayoyin ji ba su kai 16,000 ba a kowane kunne, kuma da su aka haife ka. Ƙwayoyin gani a ido ɗaya sun haura miliyan 100. Fata na sabunta kanta, ƙashi na haɗewa, hanta na tsirowa, amma ƙwayar ji idan ta mutu a jikin ɗan Adam, tabo ne ke maye gurbinta. Tsuntsaye na sake tsiro da nasu, kamar yadda aka gano a ƙarshen shekarun 1980, kuma tun daga lokacin masu bincike ke neman yadda za a sa kunnen mutum ya yi haka. Har yanzu ba a samu maganin da aka amince da shi ba.

Ƙara mai yawa na tilasta wa ƙwayoyin nan aikin da ya fi ƙarfinsu. Alamar farko kowa ya san ta: ka fito daga wuri mai amon lasifika, ka ji kamar an toshe maka kunne, ga wani siririn kuka yana tashi a ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya wuce, sai mutum ya ce ai ba komai. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙwayoyin layin waje su fara mutuwa, musamman a yankin hertz 4,000.

Dalilin da ya sa ba a ankara da wuri ke nan. Wasula kakkauran sauti ne masu ƙarfi, su ba sa ɓacewa da farko. Baƙaƙe irin su s, da f, da sh, da ts, su ne sirara marasa ƙarfi, su ke fara gushewa. Mutum yana jin ana magana sarai, kalmomin ne ke cakuɗe masa. Sai ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. A ɗaki shiru lafiya lau yake, a cikin taro sai ya koma gyaɗa kai da murmushi. Iyalinsa kan riga shi ganewa, daga yadda yake ƙure ƙarar rediyo da yawan cewa "na'am?"

Lissafin ƙara da lokaci

Kunne bai san iyafis ba, bai san injin masana'anta ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfin da ya iso shi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar sadarwa ta duniya a 2019 ya ba babban mutum awa 40 a mako a desibel 80, yara kuma a desibel 75. A tuna da ninkin da aka ambata a baya. A desibel 90, awa 40 ɗin nan sun koma awa 4 a mako. A desibel 100, kusan minti 20 ne kacal. Wayoyi da yawa na iya kaiwa 100 ko su wuce idan aka ƙure su.

Kason kuma guda ɗaya ne ga dukkan ƙarar da mutum ya ji. Wanda ya wuni kusa da inji mai ruri ya riga ya cinye rabonsa kafin ya sa iyafis da yamma.

Babban tarkon shi ne hayaniyar waje. A kan titi ko cikin mota, mutum kan ƙara sauti don ya danne abin da ke kewaye da shi, kuma ba ya jin ya yi yawa domin yana kwatanta shi da hayaniyar ne. Saboda haka abin sauraro mai rufe kunne sosai, ko mai kashe hayaniyar waje, yakan taimaka, muddin ya sa an rage ƙarar. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar wayar, a kuma riƙa ba kunne hutu. A Tarayyar Turai ƙa'idar na'urorin sauraro ta tanadi gargaɗi idan an zo desibel 85, da iyaka a 100.

Abin da ake jayayya a kai

Babu masanin da ke musun cewa ƙara na kashe ƙwayoyin ji. An san haka tun daga maƙera da ma'aikatan masana'antu da sojoji. Saɓanin yana kan girman abin da iyafis ya riga ya jawo. Biliyan ɗin da ake faɗa ƙiyasi ne na masu ɗabi'ar sauraro mai haɗari, an kuma gina shi ne galibi kan abin da mutane suka faɗa da bakinsu game da yadda suke sauraro. Masu ganin an zuzuta lamarin kan kawo binciken lafiya na ƙasa a Amurka. Tsakanin zagayen binciken na 1988 zuwa 1994 da na 2005 zuwa 2006, matasa masu raunin ji sun tashi daga kusan kashi 15 zuwa kusan kashi 20 cikin 100, aka yi ta kururuwa. Zagayen 2009 zuwa 2010 kuma ya sake nuna kusan kashi 15, a daidai lokacin da sauraro ta kunne ke ƙaruwa.

Ɗaya ɓangaren na da amsa biyu. Ta farko, ɓarnar ƙara taruwa take yi, sakamakon abin da aka yi a shekara 18 ba lallai ya fito ba sai a 45, ya haɗu da raunin ji na tsufa. Ta biyu, gwajin da aka saba yi na auna mafi ƙarancin sautin da mutum ke iya ji a ɗaki shiru ne kawai. A 2009, Sharon Kujawa da Charles Liberman sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙara na iya tsinka mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin ji da jijiya har abada, alhali gwajin ya koma daidai kamar ba abin da ya faru. Ko haka ke faruwa a jikin mutane, da kuma yawansa, nan ma ana kan muhawara.

A ganina, hujjar masu cewa an zuzuta tana rage girman kanun labarai ne kawai. Ba ta sauya komai ga mutumin da kunnensa ke kuka bayan ya cire iyafis, domin shi jikinsa ya riga ya ba shi labari.

Ba ƙara kaɗai ba

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum fiye da biliyan 1.5 na da wani mataki na raunin ji, miliyan 430 daga ciki na buƙatar kulawa, kuma ana hasashen masu buƙatar za su haura miliyan 700 nan da 2050. Tsufa na da babban kaso a ciki. A wajen yara kuwa, hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 daga abubuwan da za a iya kaucewa ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, ciwon kunnen da aka bari ya daɗe, da matsaloli wajen haihuwa irin su ciwon shawara mai tsanani. Wasu magunguna ma na yi wa katantanwa illa, irin su gentamicin da streptomycin da maganin daji cisplatin. Suna ceton rai, shi ya sa ake ba da su, amma bisa awo da sa idon likita. Akwai kuma gado.

Tasirin ba ya tsayawa a kunne. Yaron da bai ji da kyau a shekarunsa na farko ba, maganarsa kan yi jinkiri, a makaranta a ɗauke shi daƙiƙi ko mai taurin kai. Dattijo kuma yakan janye daga hira saboda kunyar yawan tambaya. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke da alaƙa da cutar mantuwa waɗanda za a iya magancewa.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Idan matsalar a hanya take, wato rami ko dodon kunne ko ƙasusuwa, galibi akwai mafita: a cire dauɗa, a ba da magani, a ɗinke tantani, har likkafar roba ko ta ƙarfe ana sakawa. Idan a katantanwa ce, sai dai tallafi. Na'urar taimaka wa ji tana ƙara ƙarfin sautukan da mutum ya rasa, ƙwayoyin da suka rage su yi aiki da su. Ga wanda ƙwayoyinsa suka ƙare, akwai dashen na'ura cikin katantanwa, wadda ke tsallake su ta aika lantarki kai tsaye ga jijiya. Graeme Clark ya yi dashen irin na zamani mai layuka da yawa a Ostiraliya a 1978. Masu ita na fahimtar magana, amma sautin bai kai na asali ba, kuma sai an yi horo.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, cikin awoyi ko kwana biyu zuwa uku, ba tare da wani dalili a fili ba. Mutane kan ɗauka dauɗa ce ko mura su zauna. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki idan an fara shi cikin kwanakin farko, bayan makonni kuwa damar ta ragu sosai.

A 2024 an ba da rahoton wasu yara da aka haifa kurame da suka fara ji bayan an yi musu gyaran ƙwayar gado a gwaje-gwaje a Sin da Amurka da Birtaniya. Labarin gaskiya ne, amma ya shafi wani nau'in kurumta da ba kasafai ake samu ba, mai nasaba da wata ƙwayar gado mai suna OTOF, inda ƙwayoyin ji ke raye, saƙon ne ba ya fita daga cikinsu. Ga kunnen da ƙara ta kashe wa ƙwayoyi, wannan gyaran ba shi da abin da zai yi aiki a kansa.